Nisan Gwanzu a Gaban Alƙali

Kotu ba ta raba auren Murjanatu da Munzali ba. A wata Talata cikin watan Yunin 2020 alƙali ya sake ɗage zaman, ya kai shi bayan Babbar Sallah. Tambayar da ta tsayar da shari'ar tun ranar farko tana nan yadda take: birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda fatake ke kira Gwanzu, kusa yake ko nesa?

Murjanatu 'yar wani ƙauye ce a gefen Mai'aduwa, cikin ƙasar Daura. Shekarunta ashirin da tara. Mijinta Munzali dillalin jakuna ne a kasuwar Mai'aduwa, a lokacin da fatar jaki ta yi daraja har baƙi suka riƙa zuwa nemanta. Wasu masu saye suka ce masa idan ya kai kansa can inda ake sarrafa fatar, babu mai sake shiga tsakaninsa da riba. Ya sayar da babur ɗinsa da shanun huɗarsa, ya tafi bayan kakar 2016 da niyyar yin wata biyu. Ya bar ta da ƙaramin ciki.

A shekarar farko yana bugo waya duk Juma'a. A ta biyu sai da Sallah. Daga nan lambar ta riƙa canjawa, shi ke kira, ba a samunsa idan an kira. Maganarsa kuma ba ta wuce biyu: yana nan tafe, kuma bai sake ta ba.

Ta tafi wankan gida da ta haifi 'yarta Ikilima, ba ta koma ɗakinta ba, don babu wanda za ta koma wa. A gidan biki ba ta zama cikin zawarawa saboda da igiyar aure a kanta. Cikin matan aure kuma, da hira ta juya kan mazaje sai ta tashi ta kama wanke-wanke. Bayan shekara uku a haka ta ce wa mahaifiyarta, Inna Lami, za ta je kotu a raba. Mahaifinta ya rasu, don haka ƙanenta Zakiyyu ne ya raka ta.

Zakiyyu yana aiki a wani shagon sayar da tikitin jirgi a cikin Daura, mafi yawa na masu zuwa Umara. Shi ne ya fi kowa karatun boko a gidan, kuma ya san haka.

Zaman farko a watan Oktoban 2019 aka yi shi, a wata ƙaramar kotun shari'a mai ɗaki ɗaya da benci huɗu. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya saurari Murjanatu har ta gama, magatakarda yana rubutawa, sannan ya tambayi inda wanda ake ƙara yake.

Wani dogon mutum mai rawani ya miƙe daga bencin baya. Dabo ne, yayan Munzali, mai fataucin shanu zuwa kudu.

"Allah ya gafarta Malam, ƙanena ne. Yana Caina."

"Ya wakilta ka?"

"Bai faɗa da baki ba. Amma ciki ɗaya muka fito."

"Ciki ɗaya ba wakilci ba ne," in ji alƙali. "Amma tsaya, za ka yi mana amfani. Garin da yake, tafiyar kwana nawa ce daga nan?"

Dabo ya zo ne ya nema wa ƙanensa lokaci, kuma a ganinsa babu uzurin da ya kai nisa. Ya gyara tsayuwa.

"Ai ba a kwatantawa, Allah ya gafarta Malam. In mutum ya je Makka, ya ƙara wata Makkar a kai, bai kai ba. Bangon duniya ne. Wanda ke irin wannan wuri ba a ce masa ya zo gobe ko jibi. Ta ƙara haƙuri, mu ma da aka haife mu gida ɗaya da shi haƙurin muke yi."

Alƙali ya gyaɗa kai, ya jawo takarda ya fara rubutu da kansa. Zakiyyu ya ga gyaɗa kan, ya ɗauka an karɓi uzurin Dabo ke nan. Ya ɗaga hannu, bai jira an gama ba shi izini ba ya miƙe.

"Allah ya gafarta Malam, ni ƙanenta ne, kuma wannan aikina ne, tikitin jirgi nake sayarwa. Abin da Malam Dabo ya faɗa ba haka yake ba. Daga Kano jirgi zai kai ka Adis Ababa cikin awa biyar. Ka canja wani, awa goma sha ɗaya ka sauka Gwanzu. Awa goma sha shida ke nan a sama. Ko an haɗa da jira ba ya cika kwana biyu. Tirelar da Malam Dabo ke loda wa shanu zuwa Legas ta fi shi daɗewa a hanya. Da Munzali ya so zuwa, da ya zo."

Dabo ya juyo ya dube shi daga sama zuwa ƙasa. "Kai ka taɓa zuwa?"

"Ban taɓa ba."

"Jirgin ma ka taɓa shiga?"

Mutanen bencin baya suka yi dariya. Zakiyyu ya ce, "Na shigar da mutum ya fi ɗari."

Alƙali bai yi dariya ba. Ya ajiye alƙalami, ya cire tabarau.

"Hanyar lafiya take? Babu yaƙi, babu 'yan fashi?"

"Lafiya lau. Duk mako fataken Kano na zuwa suna dawowa."

"Ka tabbata?"

"Zan iya rantsewa."

"To zauna," in ji alƙali. "Ku saurara ku biyun, don na ga kowannenku ya ɗauko sandar abokin faɗansa yana dukan kansa da ita."

Ya yi musu bayani a taƙaice. A fikihun da kotun ke aiki da shi, wanda ake ƙara ba ya nan ba hukuncinsa ɗaya ba ne, ya danganta da nisansa. Idan yana can nesa ƙwarai, alƙali ba ya jiransa. Zai ji shaidun matar, ta yi rantsuwa, a raba auren. Idan kuwa yana kusa, kamar tafiyar kwana uku ko ƙasa da haka, kuma hanya lafiya, to daidai yake da wanda ke cikin gari. Sai an kai masa sammaci ya shiga hannunsa, ya zo, ko ya wakilta wani, ko a tabbatar ya ƙi, kafin a yanke komai a kansa.

"Da maganar Dabo kaɗai na ji," in ji shi, "abin da na fara rubutawa shi ne ta kawo shaidunta mako mai zuwa."

Dabo ne ya fara gane inda aka kwana.

"Allah ya gafarta Malam, ai yaron nan gaskiya ya faɗa. Shi ya san aikinsa. Ni baƙauye ne, ban taɓa wuce Legas ba, me na sani game da Caina?"

Zakiyyu ya sake miƙewa. "Malam, nisa kam akwai nisa. Kusan kilomita dubu goma sha ɗaya ne fa a miƙe."

"Malaman da suka tsara wannan ba su san kilomita ba. Kwana suka ƙirga."

"Ai da tafiyar raƙumi suka ƙirga."

"Da abin hawan zamaninsu suka ƙirga. Kai kuma yanzun nan ka gaya mini abin hawan zamaninmu, ka ce za ka rantse a kai. Magatakarda ya rubuta."

Waɗanda suka san alƙalin sun ce akwai dalilin da ya sa bai yi sassauci ba. Shekarun baya ya taɓa raba wani aure mijin yana Kudancin ƙasar nan. Mijin ya dawo ya ɗaukaka ƙara, aka rushe hukuncin saboda ba a kai masa sammaci ba, alhali matar ta riga ta yi wani auren har da goyo. Tun daga ranar ba ya yanke hukunci a bayan mutum sai ya toshe kowace kafa.

Kafin a tashi ya sa aka gwada lambar ƙarshe da Munzali ya kira da ita. Zakiyyu ya buɗe murya kowa ya ji. Wata mace ta yi magana da harshen can, ta maimaita, layin ya yanke.

"Kun ji," in ji Dabo. "Ita ma ta ce ya fita."

A kan babur, hanyar komawa gida, suka wuce gonakin bayan gari. An fara yankan gero, an jera dammuna a bakin hanya. Zakiyyu ne ya fara magana.

"Yaya, wallahi taimako na yi niyya."

"Na sani."

"Shi Dabo ƙarya yake yi, ni kuma na faɗi gaskiya."

"Ƙaryarsa ta kusa sakina," ta ce. "Gaskiyarka ta mai da ni. Dubi hanya, ga rami."

A gida Inna Lami ta ji labarin tana tankaɗe. Ta sa aka maimaita mata sau biyu, sannan ta kalli ɗanta.

"Kai da aka aika ka rakiya, wa ya aike ka awo?"

Kotu ta fitar da sammaci mai hatimi. Masinjan kotun yana kai irinsa garuruwan Sandamu da Babban Mutum a kan babur, amma babu wanda ya ce masa ya kai Gwanzu. Aka bar wa masu ƙara su nemo hanya.

A watan Nuwamba Munzali ya kira yayansa da wata sabuwar lamba, labari ya zagayo, Zakiyyu ya samo lambar daga bakin wata ƙanwar Munzali. Ya ɗauki hoton sammacin ya tura. Da yamma alama ta nuna an buɗe saƙon. Babu amsa, kuma washegari lambar ta daina shiga. Ya kai wayar gaban alƙali a zama na gaba, ya nuna masa alamar.

"Wannan ta nuna an buɗe," in ji alƙali. "Wa ya ga hannun da ya buɗe?"

"Lambarsa ce, Malam."

"Ku da kanku kuka ce mini lambarsa kamar rigar aro ce, yau tana jikinsa gobe tana jikin wani. Shaidu biyu nake so, ko ɗaya mai adalci da sa hannun Munzali."

Zakiyyu ya nemo mutum a cikin masu sayen tikiti a shagonsu. Alhaji Suhaibu ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan waya a Daura, yana zuwa Gwanzu sau biyu a shekara, kuma mutum ne da kotu za ta karɓi maganarsa. Ya yarda ya tafi da takardar a watan Disamba. Murjanatu ta dama masa fura ta aika gidansa ranar da zai tashi.

Ya dawo cikin Janairu, ya zo kotu da kansa ya ba da bahasi. Ya ce ya je unguwar da Hausawa ke taruwa, ya tambaya a gidan da ake sayar da tuwo, kowa ya san Munzali. Munzali Mai Jaki suke ce masa, ko da yake cinikin fata ya mutu tuntuni, yanzu rakiyar baƙi yake yi cikin kasuwanni yana musu ciniki. Har wani ya ce zai kira shi.

"Kuskurena," in ji Alhaji Suhaibu, "na fito da takardar. Da suka ga hatimin gwamnati a jiki, sai kowa ya manta shi. Wanda ya ce zai kira shi ya ce ashe wani Munzalin yake nufi."

Alƙali ya tambayi dalili.

"Bizarsa ta ƙare shekara da shekaru, Allah ya gafarta Malam. Irinsu da yawa a can. Ba sa kwana wuri ɗaya, kuma duk takarda mai hatimi a wurinsu kamu ce. Ko filin jirgi ba zai iya tunkara ba sai ya miƙa kansa tukuna."

"Ina takardar?"

"Na bar wa mai tuwon. Ya ce in ya gan shi zai ba shi."

Zakiyyu ya kama wannan maganar da hannu biyu. Ya ce tunda Munzali ba zai iya shiga jirgi ba, to a wurinsa hanyar ba lafiya take ba. Alƙali ya ce hanya lafiyarta ƙalau, mutumin ne ya ɗaure ƙafarsa, kuma wanda ya ɓuya a bayan ɗakinsa ba a ce da shi ya yi nisa. Ya ba da umarni a sake fitar da wani sammacin, a nemi wanda zai kai, wannan karon a ninke shi cikin aljihu har sai an ga mai shi ido da ido. Aka sa zama a ƙarshen Maris.

A bakin kotu Dabo ya tsaya yana kwance babur ɗinsa. Ya ce wa Zakiyyu, "Ɗan boko, awa nawa ka ce ma? In rubuta a bango kar in manta."

Murjanatu ta wuce su ba ta tsaya ba. Dabo ya ce, "Matar ƙanena, a gaida Inna." Ta amsa da kai, don har yanzu yayan miji yake a wurinta, kuma ba a yi wa yayan miji musu a titi.

Sammaci na biyu bai bar Daura ba. Kafin a samu mai tafiya, labarin cutar korona ya cika rediyo, kuma daga ƙasar Sin ta ɓullo. Fatake suka soke tafiya. A watan Maris aka rufe filayen jirgin sama ga masu fita da shigowa, aka dakatar da zaman kotuna. Ranar da aka sa musu ta zo ta wuce, ƙofar kotun da kwaɗo. Ba a daɗe ba aka hana fita a Daura ma. Mai shagon tikiti ya rufe, ya ce wa Zakiyyu ya koma gida har abin da hali ya yi.

Azumi ya same su a ƙauye. Bayan Ƙaramar Sallah aka yi ruwan shuka, gidan duka suka fita gona. Zakiyyu yana sara da sungumi a gaba, Murjanatu tana binsa tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Sun kai tsakiyar kunya sai ya tsaya cak, har ta kusa taka shi.

"Yaya, babu jirgi."

"Yau ka sani? Ba shi ya sa kake riƙe da sungumi ba?"

"Ba ki gane ba. Babu jirgi daga Kano, babu daga Abuja, babu daga ko'ina. Yau in mutum ya ce zai je Gwanzu, da me zai je?"

Ta tsaya da irin a tafin hannu.

"Malam ya ce abin hawan zamani," in ji Zakiyyu. "To zamanin nan da muke ciki ba shi da jirgi. Kuma ya ce sai hanya tana lafiya. Ga annoba a hanyar gaba da baya."

"Idan ka je, iya wannan za ka faɗa?"

"Iya shi."

"Ba kilomita, ba awa?"

"Babu."

"To ci gaba da sara," ta ce. "Ƙasa na bushewa."

Da aka buɗe kotuna, aka ba su rana cikin Yuni. An rage bencin zuwa biyu, an sa bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, kowa da takunkumi a fuska. Murjanatu ta zo da maƙwabta biyu da za su shaida cewa Munzali bai taka ƙauyen ba tun tafiyarsa. Ta yi alwala tun daga gida saboda rantsuwa.

Zakiyyu ya yi magana gajera, kamar yadda ya yi alkawari. Ya ce maganar da ya yi a watan Oktoba gaskiya ce a watan Oktoba. Yau babu jirgin haya tsakanin ƙasar nan da Gwanzu, babu mai sayar da tikiti, shi kansa noma yake yi. Wanda zai kai sammaci sai dai ya bi ƙasa da ruwa, iyakoki kuma a rufe.

Alƙali ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau.

"Wannan magana ce," ya ce. Ya jawo takarda.

Dabo ya miƙe, ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa. Magatakarda ya ce ya mayar, ya mayar.

"Allah ya gafarta Malam, jirgi ya zo."

"Daga ina?"

"Daga Caina. Ƙarshen watan jiya, a Abuja ya sauka. Rediyo ta faɗa, kowa ya ji. An kwaso 'yan ƙasar nan da suka maƙale a can."

"Wannan ba jirgin haya ba ne," in ji Zakiyyu. "Na kwaso mutane ne, sau ɗaya ya zo. Ba wanda zai iya sayen tikitinsa ya tafi can."

"Jirgi dai jirgi ne, ɗan boko. Da fuka-fuki ya zo ko da ƙafa?"

Alƙali ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya tambayi Dabo ko Munzali yana cikin waɗanda aka kwaso.

"Ya kira ni cikin azumi. Ya ce an kore su daga ɗakin da suke kwana, ya gaji, zai miƙa kansa ya nemi shiga. Daga nan ban sake jinsa ba."

"Ya shiga ko bai shiga ba?"

"Allah ne masani. An ce duk wanda ya sauka sai an killace shi kafin a sake shi, wataƙila shi ya sa."

"Ai kwanakin killacewar sun wuce," in ji Zakiyyu.

"An hana shiga wata jiha daga wata. Ta ina zai biyo? Ko shi ma tikiti za ka yanka masa?"

Alƙali ya ajiye alƙalamin. Murjanatu ta ga ya ajiye, kamar yadda ta gani a watan Oktoba. Tun ranar farko ba ta sake magana a kotun ba sai an tambaye ta. Wannan karon ta ce, daga inda take zaune a tabarmar mata, "Allah ya gafarta Malam, ina da magana."

"Faɗi."

"An tambayi Yaya Dabo nisa, an tambayi ƙanena, an tambayi Alhaji Suhaibu. Ni ba a tambaye ni ba."

"Kin san hanyar ne?"

"Ban san ta ba. Abin da na sani, ya tafi ina da cikin da ko mahaifiyata ba ta lura da shi ba. Yarinyar yanzu ita ke kora mana awaki daga bakin rumbu, kuma da ta ga Yaya Dabo a kasuwa ta tambaye ni ko shi ne babanta. In kusa ne, ya ƙi zuwa. In nesa ne, ba zai iya ba. Ni duk ɗaya ne a wurina, Malam. Ku zaɓi wanda littafi ya yarda da shi ku sallame ni."

Dabo ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rawaninsa.

Alƙali ya ce ya ji, kuma ba ya musun cutuwarta. Amma an faɗa a gabansa cewa mai yiwuwa mutumin yana cikin ƙasar nan. Idan yana Abuja, tafiyar yini ɗaya ce a mota, kuma babu malamin da zai kira wannan nesa. Ba zai raba aure yau ba, jibi mijin ya shigo da jakarsa ya ce ba a neme shi ba.

Ya ba Dabo zuwa bayan Babbar Sallah ya kawo ƙanensa, ko ya kawo tabbacin inda yake. Sannan ya juya wajen tabarmar mata ya faɗi sauran a fili, ya sa magatakarda ya rubuta. Idan ranar ta zo ba a ga Munzali a ƙasar nan ba, kuma har lokacin babu jirgin haya, to Gwanzu nesa ce, ta zo da shaidunta da alwalarta, a ranar zai gama. Idan kuwa an buɗe filayen jirgi kafin nan, hanya ta dawo, sai a koma kan sammaci.

"Malam," in ji Zakiyyu, "in an buɗe ana gobe zaman fa?"

"To an buɗe."

A waje shaidun biyu suka nemi a sallame su, suna da noman farko a gona. Murjanatu ta yi musu godiya, ta ce za ta sake nemansu. Dabo ya tayar da babur ɗinsa, ya tafi.

Zakiyyu ya tsaya yana duba waya. Mai shagonsu ne ya turo saƙo, yana cewa ana raɗe-raɗin za a buɗe filayen jirgi nan ba da daɗewa ba, ya zauna da shiri. Wata uku ke nan rabonsa da albashi. Ya karanta, ya mai da wayar aljihu.

"Mene ne?" in ji Murjanatu.

"Maigidana ne. Wai ana maganar buɗewa."

"Kana so a buɗe?"

Ya hau babur ɗin, ya taka, bai tashi ba. Ya sake takawa.

"Hau mu tafi, Yaya, hadari na haɗowa."

Ta hau. Har zuwa yammacin ranar babu wanda ya ji daga Munzali, a Abuja ko a Gwanzu, kuma gwamnati ba ta faɗi ranar da jiragen ƙasashen waje za su dawo ba.